Barmo, Maharbin da Ya Bi Sawu Baibai

Bana babu Malam Nomau a bakin ƙofar dutse. Sandarsa tana jingine inda ya ajiye ta, takalmansa na fata suna ƙarƙashin gado, amma mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana tsayawa tsakanin shanun Fulani da tafkinmu, yana taɓa wuyan kowace saniya kafin ta hau, Allah ya karɓi abinsa a farkon bazarar nan. Mijina ne. Shi ne Sarkin Lasa na garin Sha-Tukuna, na goma sha huɗu tun daga Barmo.

Ni sunana Tsahara. Ban yi karatu mai zurfi ba, ajin yaƙi da jahilci na shiga bayan na yaye 'yata ta uku. Abin da zan rubuta shi ne labarin da Malam yake ba makiyaya duk shekara a gindin ɓaure, ranar da suka sauka. Da baki yake bayarwa, bai taɓa sa shi a takarda ba. Na ji shi sau talatin da ɗaya ina tsaye a bayansa da ƙwaryar ruwa, don haka ban yi tsammanin zan zubar da komai ba.

Ga wanda bai san wurinmu ba, dutse ne babba, hawansa rabin yini. A can ƙolinsa akwai kwari mai zurfi, a cikin kwarin akwai tafki, ruwansa gishiri ne zalla, bakinsa fari fat kamar an shanya gari. Da damina ruwan kore ne, idan kaka ta yi sai ya koma ja kamar zoɓo. Ana ce masa Akushi, saboda siffarsa. Ba a hawa wurin da takalmi, ba a hawa da makami, ba a ɗaga murya a bakinsa. Dalilin haka shi ne abin da ya faru a zamanin Barmo.

A zamanin da, tun ba a haƙa rijiya ko ɗaya a ƙasar nan ba, tun ɓauna ta fi mutum yawa, an yi wani maharbi ana ce masa Barmo ɗan Kande. Daga kudu ya fito, sunan garinsu ya ɓace. Dogo ne, siriri, ba ya son magana sai idan za a yi zancen daji, to a nan kuma ba ya son a katse shi. Ba ya farauta da kare. Maroƙa suna yi masa kirari suna cewa, Barmo na Kande, mai karanta ƙasa, hancinka ya ishe ka kare, wanda ka bi ya yi sallama da 'ya'yansa. Bakansa na ubansa ne, ubansa kuma ya gada daga nasa uban, itacen ya yi baƙi saboda man hannu.

Dabba ɗaya ce ta gagare shi. Wani tsohon gwanki ne, ƙahonsa na hagu a karye, kofatonsa na baya a tsage, ta yadda ko a cikin sawu ɗari Barmo zai gane nasa. Shekara uku yana binsa. A daminar shekara ta uku sawun ya ja shi arewa, ya ratsa fako da tsakuwa, ya hau wannan dutse namu. Da Barmo ya leƙa cikin kwarin, sai ya ga abin da babu maharbin da ya taɓa gani. Ɓauna da barewa da mazo da gyadon daji suna jere a bakin ruwa suna lasar farar ƙasa, ga damisa kwance a kan dutse kusa da su, ba ta ko ɗaga kai ba. Ga gwankinsa a tsakiya.

Ya ɗora kibiya ya ja, tsirkiya ta saki. Ya ɗaure ta, ya sake ja, ta sake saki. Sau uku. Sai ya gane wurin nan yana da mai shi, ya mayar da kibiya cikin kwari. Ya sauka ya ɗanɗana ƙasar, ya ji gishiri ne wanda ya fi na fatake. Ya yi kwana bakwai a kan dutsen, yana shan ruwan sama da ya taru a kwarmin duwatsu, ko'ina ya juya akwai shi.

A nan Malam yakan dakata ya ce wa makiyaya, "Ku riƙe wannan, da damina ya zo."

Bayan an yanke gero, Barmo ya bi ta yamma, tafiyar kwana huɗu daga dutsen, ya faɗa rugar wani Bafulatani, Arɗo Yero, mai shanu ɗari uku. Shekara biyu ke nan ayarin gishiri bai sauko daga Azbin ba, yaƙi ya tare hanya. Shanun Arɗo sun lalace. Ciyawa tana nan, amma gashinsu ya tashi, nono ya janye, karsana ba ta ɗaukar ciki. Suna lasar ƙasa, suna tauna ƙashi kamar karnuka.

Barmo ya kwanta a inuwa da tsakar rana don ya huta. Yana cikin gyangyaɗi ya ji ana jan sa. Ya farka ya ga wata saniya ta cinye rabin warkinsa, saboda zufar da ta jiƙa fatar. Wata tsohuwa tana zaune tana kaɗa nono, ta yi dariya har maburgi ya faɗi daga hannunta. Ita ce Dado, yayar Arɗo. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa, amma duk rugar babu wanda ya kai ta sanin ciwon saniya.

Ta ce, "Kaɗo, ka gode wa Allah da ka farka da wuri. Da sai ka koma gida wurin matarka da ganye."

Barmo ya ja sauran warkin ya rufe jiki, ya ce, "Inna, me ya sami shanunku suka koma cin tufafin baƙi?"

Ta ce, "Gishiri. Ko kai aka hana ka shekara biyu, sai ka lashi maƙwabcinka."

Nan take bakin Barmo ya buɗe. Ya ce ya san inda gishiri yake shimfiɗe kamar tabarma, babu mai gadi, babu mai awo. Aka kira Arɗo, samari suka taru. Arɗo ya tambaye shi ruwa fa? Barmo ya ce ruwa ko'ina, shi da kansa ya sha, ya yi wanka, ya wanke kwarinsa.

Dado ta ce, "Yaushe ka je?"

Ya ce, "Da damina."

Ta ce, "Yanzu fa gero yana rumbu."

Samarin suka yi mata caa, suka ce tsohuwa ba ta son tafiya ne kawai. Shi kuma Barmo abin ya sosa masa rai, a ce mace mai kaɗa nono tana yi masa tambaya a kan daji. Ya cire bakansa ya ajiye a gaban Arɗo, ya ce, "Idan na yaudare ku, ga bakana, ga wuyana." Arɗo ya dubi shanunsa, ya ce a tashi.

Kwana biyu na farko an sami ruwa a hanya. Kwana biyu na ƙarshe fako ne, babu ko raɓa. Barmo yana ta cewa a yi haƙuri, kwarmin duwatsu suna gaba. Da aka kai gindin dutsen ya ruga ya duba kwarmi na farko, ya tarar da ƙura da kashin tsuntsu. Na biyu haka, na goma haka. Bai gaya wa kowa ba. Ya ce a ransa ai tafkin ma ruwa ne, namun daji suna zuwa kullum, bai ga gawa ko ɗaya ba.

Garken ya rabu biyu a hanya. Manyan shanu masu ƙarfi, kamar ɗari biyu, suna gaba da Arɗo da samari. Tsofaffi da masu ciwo da maruƙa suna baya da Dado, tazarar rabin yini. Na gaban nan da suka kai ƙoli suka shaƙi ƙanshin ruwa, babu sandar da ta iya tsayar da su. Suka gangara da gudu, suka shiga Akushi har gwiwa, suka sha, suka sha.

Ba a daɗe ba aka ga abin. Saniya ta fara zagaye a wuri ɗaya kamar an ɗaure ta a turke. Wata ta je ta dafe kanta a jikin dutse ta ƙi motsi. Wata idanunta a buɗe amma ba ta gani. Sai faɗuwa, sai shure-shure, sai shiru. Kafin rana ta karkata, saba'in sun kwanta, farin bakin tafkin ya cika da gawa. Arɗo Yero, dattijo mai furfura, yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana kiran kowace da sunanta. Samari suka kama Barmo suka ɗaure shi da igiyar maruƙa, suka zare takubba. Bai yi gardama ba, shi ya ba da wuyansa tun a ruga.

Dado kuwa tana isowa gindin dutse ta ɗaga kai ta ga ungulu suna kewaya ƙoli. Ta sa mata suka tare sauran shanun a ƙasa, ta ce ko saniya ta yi kuka da hawaye kada a bar ta ta hau. Ta ɗauki sanda ta hau ita kaɗai, tsohuwa da ciwon gwiwa.

Da ta isa ba ta kula kowa ba. Ta je wurin wata saniya mai sauran numfashi, ta kama fatar wuyanta da yatsu biyu, ta ɗaga, ta saki. Fatar ta tsaya a tsaye kamar ƙunshin zane, ta ƙi kwanciya. Ta gwada wata, haka. Ta ce, "Ƙishirwa ce ta kama su, gishiri ya ƙarasa. Ku mayar da takubban nan, jinin Kaɗo ba ya shayar da maraƙi."

Arɗo ya ce, "Yaya, to ina mafita? Baya kwana biyu ne babu ruwa, ba za su kai ba. Gaba kuma ga abin da ruwan ya yi."

Gaskiya ya faɗa. Shanu ɗari biyu da talatin suka rage, da mata da yara a ƙasa, goruna duk sun bushe. Idan rana ta sake fitowa sau biyu ba a sami ruwan daɗi ba, babu wanda zai ba da labari.

Suna cikin haka sai ga tsohon gwankin nan mai karyayyen ƙaho ya gangaro. Ya ratsa tsakanin gawarwaki a natse, ya tsaya a bakin tafki, ya sunkuya yana lasar ƙasa. Bai taɓa ruwan ba. Barmo yana ganinsa ya zabura, ya ce, "Ku kwance ni, ku ba ni kibiya ɗaya. Shi ya kawo ni nan. Ku bar ni na kashe shi, sannan ku yanka ni."

Dado ta ce, "Kai da ake cewa kana karanta ƙasa, dubi gwiwarsa."

Barmo ya duba. Gwiwoyin gwankin na gaba duka biyu da baƙin taɓo, ɗanye, har da gansakuka. A kan dutsen nan kuwa duk inda ido ya kai fari ne da toka-toka.

Ta ce, "Ya durƙusa a wani wuri ya sha kafin ya zo. Shekara uku kana bin inda ya tafi. Ka taɓa bin inda ya fito?"

Barmo bai taɓa ba. A wurin maharban wancan zamani, bin sawu baibai babban haram ne. Tun yana yaro ubansa ya gargaɗe shi cewa wanda ya juya wa dabba baya ya bi inda ta fito, ya taka asirin gidanta, duk maganin farautarsa zai karye, ba zai ƙara kayar da ko zomo ba. Shi ya sa ya kwana bakwai a kan dutsen yana kallon inda namun daji suke tsayawa, bai ko waiwayi hanyar da suke biyowa ba. Aikin maharbi ya san inda nama zai tsaya. Inda ya sha ruwa da safe ba ruwansa.

Ya ce, "Inna, idan na yi haka na gama farauta."

Ta ce, "Ƙanena ma ya gama kiwo, ai ba shi ya zaɓa ba."

Ya ce a kwance shi. Wani saurayi ya ce wallahi guduwa zai yi. Dado ta ce, "Ya gudu ina? Gorarsa a bushe take kamar taka. Ku ba shi bakansa ma, ba na son ganin namiji tsirara sau biyu."

Barmo ya juya wa gwankin baya, ya sa ido a ƙasa, ya fara tafiya. Malam yakan ce bin sawu baibai ya fi wuya nesa, domin kullum sawun tsufa yake ƙara yi a gabanka, ba sabunta ba. A kan dutse kuma kofato ba ya barin alama. Ɓarɓashin taɓo yake bi, nan ɗigo, can ɗigo, da gashi ɗaya da ya maƙale a ƙaya, da tsakuwar da aka juya cikinta sama. Sau biyu sawun yana ɓace masa, sau biyu yana komawa da rarrafe har ya samo shi. Harshensa ya kumbura. Sawun ya zagaya da shi bayan dutsen, ya gangara ta arewa, ta inda mutum ba zai yi tunanin akwai hanya ba, har ya kai shi wata tsaga a bayan wani ɓaure da ya fito daga jikin dutse.

Ya kutsa da gefe. A ciki akwai sanyi. Ruwa yana ɗiga daga ƙarƙashin wani falalen dutse, yana taruwa a wani ɗan kwarmi wanda bai fi bakin turmi ba. Ga shaidar gwiwoyi biyu a cikin taɓo. Ya durƙusa a daidai wurin ya sha. Ruwan daɗi ne, mai sanyi har cikin haƙori.

Sai murnarsa ta koma ciki. Wannan ruwan dabba ɗaya ne, ba na garke ba, kuma saniya ba za ta iya shiga tsagar ba. Ya zauna ya jingina kansa da falalen. A nan ya ji ƙara daga ciki, kamar mata suna daka a gida mai nisa. Ruwa ne mai yawa, dutsen ya toshe masa baki.

Ya tura da hannu, ya tura da kafaɗa, falalen bai motsa ba. Ya nemi itace, babu sai saiwar ɓaure. Ya dubi bakan ubansa da kakansa. Ya kwance tsirkiya, ya cusa kan bakan a ƙarƙashin falalen, ya sa wani dutse ya tokare, ya hau da duk nauyinsa. Bakan ya lanƙwasa, ya yi ƙara, ya karye gida biyu. Tsofaffi sun ce har a bakin Akushi an ji ƙarar, tsuntsaye suka tashi. Amma falalen ya gusa kamar faɗin tafin hannu, ruwan da kansa ya ƙarasa aikin. Ya ture dutsen, ya ture Barmo, ya fito daga tsagar yana kumfa, ya bi gangare, ya zagaya gindin dutse har inda mata suke tare da shanun Dado.

Washegari kafin la'asar ta wuce an sauko da shanun ƙoli da suka rage. Samari suka saki igiya za su tura su cikin ruwa, sai Dado ta tsaya a gaba ta ware hannuwa. Ta ce waɗanda ba su hau ba su sha a hankali. Waɗanda suka sha Akushi kuwa, ƙwarya ɗaya, a jira, a ƙara ƙwarya ɗaya, ko da za su yi ta kuka. Saurayin nan da ya ce Barmo zai gudu yana da wani bijimi da yake ji da shi, bai iya jure kukansa ba, ya zagaya da shi bayan duwatsu ya bar shi ya sha ya ƙoshi. Bijimin ya ɗago kai, ya yi taku uku, ya faɗi. Bayan shi babu wanda ya ƙara yi wa Dado musu.

Kwana uku suka yi a bakin ruwan. Kowace safiya Dado tana bin shanu tana mintsina fatar wuyansu. Wadda fatarta ta kwanta nan take, ta ware ta dama. Wadda tata ta yi jinkiri, hagu. Rana ta huɗu aka hau da na dama, cikinsu cike da ruwa. Suka isa bakin Akushi, suka shinshina ruwan suka kau da kai, suka lashi farar ƙasa kamar yadda gwanki ya yi, aka sauko da su suka sake sha. Ko ɗaya ba ta faɗi ba. A shekarar da ta biyo baya, karsanar da ba ta haihu ba a garken Arɗo Yero sai wadda ba ta isa ba.

Arɗo ya ce ya yafe wuyan. Barmo ya ce shi bai yafe wa kansa saba'in ɗin nan ba, zai zauna a nan ya biya su da tsaro, tunda labarin gishiri zai bazu kuma wasu za su zo da ƙishirwa kamar yadda ya kawo waɗannan. Ya kafa bukka a gindin wani ɓaure, inda hanyar hawa ta matse tsakanin duwatsu biyu, wurin da muke ce wa ƙofa. Bai ƙara harbin komai ba. Wasu sun ce maganinsa ne ya karye kamar yadda ubansa ya faɗa, wasu sun ce kunya ce. Gwankin kuma ba a sake ganinsa ba, amma marmaron har yau Idon Gwanki ake ce masa.

Dado ba ta bi ƙanenta ba. Ta ce idan aka bar Kaɗo shi kaɗai da shanun mutane, zai mintsini jela ya ce wuya ne. Shekara bakwai ita ce a bakin ƙofar, shi yana bayanta da ƙwarya yana koyo. Mutane suka fara tsokana wai a ɗaura musu aure, ta ce ita da mutumin da saniya ta cinye wa wando, ai shanunta sai su daina gaishe ta. Duk makiyayin da ya iso yana gaggawar hawa, abin da yake fara ji daga nesa shi ne muryarsu, "Sha tukuna!" Da bukkoki suka yi yawa, masu kankarar gishiri da masu sayen nono suka zauna, sunan ya bi garin.

Karyayyen bakan yana ɗakin Malam, a naɗe cikin fata. Duk shekara idan kaka ta yi, Sarkin Lasa yakan ɗauke shi ya hau ƙoli shi kaɗai ba takalmi, ya karanta Fatiha a bakin Akushi, sannan ya juya wa tafkin baya ya sauko ta hanyar arewa har Idon Gwanki. Da haka ake buɗe shekara. Ranar farko ta namun daji ce, ko da yake yanzu sai 'yan barewa da birai. Mutum ba ya kankarar gishiri sai saniyar ƙarshe ta sauko.

Malam bai taɓa sassauta kwana ukun nan ba. Akwai shekarar da wani mai dukiya ya kawo shanu a manyan motoci, ya ce shi ba shi da lokacin al'adar ƙauye. Malam bai yi masa faɗa ba. Ya shimfiɗa buzunsa a tsakiyar ƙofar ya zauna, ya ce, "Alhaji, ga hanya, sai dai ta kaina." Mutumin ya yi ta zage-zage, ya ƙare ya yi kwanansa uku. A shekara talatin da ɗaya saniya ko ɗaya ba ta mutu a bakin Akushi ba.

Ciwonsa kwana biyar ne. Ranar ƙarshe da hantsi ina shafa masa ruwa a fuska, ya kama bayan hannuna ya mintsina, ya saki, ya yi murmushi. Ya ce, "Kin sha, kina iya hawa." Na ce masa ya daina wasa. Ya ce, "Shekara biyar idona ba ya ganin fatar nan sosai, ke kike raɗa mini dama ko hagu. Kada ki ɓoye." Kafin azahar ya cika.

'Ya'yanmu mata ne, suna gidajen mazajensu. Ɗan ƙanensa da sarauta za ta faɗa wa direba ne a kudu, ya aiko cewa a yi haƙuri. Dattawan gari suka zauna, wasu suka ce a rufe Akushi bana, wasu suka ce a bar kowa ya hau, Fulani ai sun san shanunsu. Sun sani, amma wanda ya yi tafiyar kwana huɗu yana hango ƙoli ba ya ganin ƙishirwar saniyarsa. Na aika musu cewa ni zan tsaya. Liman ya ce ba a taɓa yi ba. Na ce a tambayi duk wanda ya taɓa zama a gindin ɓaure, wa ya tsaya a ƙofar nan shekara bakwai na farko.

Bayan na fita takaba, Arɗo Manu, jikan jikokin Yero, ya zo yi mini gaisuwa, yana jaye da wata jar saniya. Muka gaisa, muka yi addu'a. Ya ce, "Matar Sarki, ga wannan, kwananta uku a Idon Gwanki. Ki duba mini, gobe nake so ta hau."

Na tashi na kama fatar wuyanta na ɗaga na saki. Na duba hancinta, na buɗe leɓenta na taɓa dasashi. Na ce, "Arɗo, ka ji tsoron Allah. Wannan tun jiya da safe ba ta ga ruwa ba. Kuma ko ta sha, ba a buɗe shekara ba."

Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce, "Kaɗo dai Kaɗo ne, ba a cin bashin hankalinsa." Sai dariyar ta tsaya, ya ja rawani ya rufe fuska. Da ya natsa ya ce, "Ni na hana ta ruwa da gangan. Zan gaya wa dattawa da sauran arɗoɗi, ƙofa tana da mai ita."

Saura kwana tara a buɗe shekara. An fara hango ƙurar garkuna daga yamma. Na sauko da bakan na goge fatarsa, na gwada hawa rabin dutsen jiya don na ji ƙarfin gwiwata, kuma ta ɗauke ni. Zan hau, zan juya wa Akushi baya, zan sauko ta arewa, sannan na tsaya inda Dado ta tsaya, inda Barmo ya tsaya, inda Malam ya tsaya. Duk wanda zai zo da shanunsa bana ya sani tun daga gida, kwana uku ne, ba a rage ko yini ba.

Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya ɗaga hannu tare da ni. Allah ya jiƙan Malam Nomau, ya shayar da shi daga tafkin Annabi, shan da babu ƙishirwa bayansa. Allah ya jiƙan Barmo da Dado da duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar nan. Allah kada ya ƙafar da Idon Gwanki. Allah ya ba yatsuna gaskiya, ya hana ni jin kunyar mai gaggawa, ya sa duk saniyar da ta hau bana ta sauko da ƙafafunta. Ku ce amin.